Kurwar Mashin

A garin da rana ke gasa dutsen Birni har ya yi ƙauri,
wa zai sayi abin busar da tufa?
Haka na ce da Habu, yarona, muna tura babur
cikin taɓon Garin Malam. Marka ta kafa sansani,
kwana uku ko zanin goyo bai san bushewa ba.

Inna Cima, tsohuwar ungozoma, ta tare mu tun zaure:
"Ɗiyata ta aiko shi daga Kwatano, na hannu ne,
shekara shida yana yi mini aikin igiya.
Jiya ya yi gurnani, ya yi wari, ya yi tsit.
Ga tagwaye an haifa mini, tsumma ya taru kamar suri.
Sanusi, duba mini, mutuwa ce ko suma?"

Na fara da bango, don wutar garin nan baƙuwa ce,
ba ta sallama in za ta tafi.
Wuta na nan. Fis lafiya lau.
Na zare waya, na juya masa baya,
kusoshi huɗu na zuba cikin hular Habu.
Na tura gangar da yatsa ɗaya,
ta juya sakaka, babu mai riƙe ta.
Can ƙasa na hango dalili, kwance kamar saɓar maciji.
Mutanen Kano bel suke ce mata, mu nan kurwa.
Na ce, "Inna, kurwarsa ce ta tsinke."
Ta ce, "Inna lillahi." Habu ya ƙunshe dariya.

Amma kurwa ba ta tsinkewa haka kawai.
Na zura hannu cikin bututun numfashinsa,
a toshe yake kamar hancin mai mura.
Zafi ya rasa ƙofa, ya koma ya ci na gida.
Na yi ta jawo audugar shekaru, hawa bisa hawa:
fara ta rigar likita,
ja ta atamfar wani biki,
dala biyar, maɓalli, ƙwallon dabino,
sai can ƙarshe wata shuɗiya, mai duhun baba.

Inna Cima ta miƙo tafi.
Ta daɗe tana murza ta tsakanin yatsu.
"Rigar Juma'ar Malam Ari ce," in ji ta.
"Damina uku ke nan da na bayar da rigar."
Ban ce komai ba. Sukudireba ba ta da aiki a nan.
Ta ƙulle abin a bakin zani, inda ake ƙulle kuɗi.

Kasuwar Dole kaf babu sabuwa daidai tsawonta.
Wajen Ɗan Jimma mai tarkace na samu,
cikin wani mataccen mashin da kaji ke ƙwai a ciki.
Jaka biyu da rabi, bayan ciniki har da rantsuwa.
Na ɗaura wa mai rai kurwar matacce,
na ɗiga mai a gindin taya, na hure rariya.

"Inna, wannan rariyar, kowane wanki a share ta.
Kada a cika masa ciki, shi ma jaki ne, yana da iyaka.
In ya soma kuka kamar amalanke, a aiko Habu."

Na danna. Sai aka ɗauke wuta.
Muka zauna, shayi ya kai na uku,
tagwaye na tsala ihu bi da bi a ɗaki.
Da ƙwan zaure ya lumshe ya buɗe, na sāke dannawa.
Ganga ta ɗauka, luƙui, luƙui, kamar daka daga nesa,
ɗumi ya fito ta bututu ya taɓa mini ƙafa.

Muna fita, girgije ya tsage,
rana ta leƙo bisa duwatsu tana kallonmu.
Habu ya ɗaga kai ya ce mata,
"Sai yanzu, bayan an biya kuɗin gyara?"